Kunnen Rago a Garkar Kumandan

Jiya na zo wucewa ta wurin da kuke renon itatuwa, na tarar ɗayanku ya kwantar da tiyo a gindin shuka ya koma inuwa yana shan shayi. Na ce masa ruwan ya isa, ya ce mini, “Baba, ai ruwa ba ya yi wa shuka yawa.” Ban yi masa gardama ba, don ni ma da wannan karatun na tashi. Ku a ganinku aikin garka ba wani abu ba ne: a haƙa rami, a sa iri, a zuba ruwa, a jira. To ku gyara zama in ba ku labarin shukar da ta kusa tura ni aikin hanya, kuma ba ƙishirwa ce ta so kashe ta ba.

Jan jigo shi ne aikina na farko, a garkar Kawu Tanko a Yekuwa. Shekara guda ban taɓa shuka da hannuna ba, ina bakin rijiya ina danna itace ina ɗaga wasaki, ruwa na bin magudana yana shiga fangalin albasa. Kawu Tanko, ƙanen mahaifiyata, ba ya koyarwa da baki. In ka gyara fangali ya karkace ba zai ce maka komai ba. Sai ya sako ruwa ya bar ka ka ga inda ya taru da inda ya ƙi zuwa, sannan ya miƙo maka kalme ya yi tafiyarsa. Daga wurinsa na koyi tsoma yatsa a ƙasa kafin in ba da ruwa, na koyi dashen albasa da yamma, na koyi bambanta takin awaki da na shanu ta ƙamshi. Amma duk abin da muke shukawa mai son ruwa ne, albasa da taba da tattasai, saboda haka fangalinmu kullum a nutse yake kamar kwano, don kada ɗigo ya tsere.

A shekarun nan ana ɗiban mutane aikin hanyar Damagaram. Kowane gari sai ya ba da nasa, a ɗora maka kwandon tsakuwa daga safe har rana ta faɗi. Yayana ya je, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba. Ni ne layi ya biyo kaina lokacin da labari ya zo cewa mai garkar kumandan, Baturen Faransa mai mulki a Magarya, ya ƙetare iyaka ya tafi ƙasar Ingilishi cin kasuwa, har yau bai gama ci ba. Tafintan kumandan surukin Kawu Tanko ne, shi ya sa baki aka ɗauke ni. Wanda ke aiki a gidan kumandan kuwa ba a ɗibansa. Kun ga ke nan ba albashi kaɗai nake karewa a garkar nan ba, har da ƙashin bayana.

Ran da na fara aiki aka buɗe mini ɗakin kaya na tsaya ina kallo. Ga arozuwar, wato gwangwanin ban ruwa mai rariya a baki, ga burweti, wato baro mai ƙafa ɗaya, ga rato na share ƙasa, ga almakashin yankan reshe da na rantse na wanzamin raƙuma ne. Ruwa ƴan kaso ke kawowa daga rijiya, gardi mai tsaronsu na biye da su. Salati da karoti da shu, wato kabeji, duk ban sha wahalarsu ba, ƴan uwan albasa ne, ka ba su ruwa da taki su yi maka godiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fure. Na ga an ware wuri mai kyau an shuka abin da ba a ci, sai na je na tambayi mai dafa abincin gidan wace miya ake yi da shi. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Shi ne Baba Habu kuku, dattijo mai sanƙo da farin gemu, wanda ya dafa wa kumandodi da yawa abinci ya ga bayansu duka. Tun daga ranar ya ɗauke ni ɗa, kullum da rana sai ya ajiye mini ƙanzon shinkafa da ɗan romo a kai.

Da sanyi ya shigo, Madam matar kumandan ta kira ni baranda ta kwance wani ɗan ƙulli. Iri ne ƙanana baƙaƙe, ba su cika tafin jariri ba. Tana jin Hausa kaɗan kaɗan, ta ce daga garkar mahaifiyarta ta zo da su, sun daɗe a ƙasan akwati. Lokacin Turawa na yaƙi a ƙasarsu, hanyar teku ta toshe, ko wasiƙa ba ta zuwa balle iri. In wannan ya ƙare ya ƙare. Muka shuka a akwatin sabulu, kaɗan suka tsiro. Da ganyen ya buɗe sai na ga ya fito fari, toka toka, da gashi a jikinsa. Na ruga na gaya mata ciwo ya kama shukar. Ta zo ta duba, sai na ga idonta ya kawo ruwa tana dariya. Ta ce in taɓa. Na taɓa, laushi kamar kunnen ɗan ragon da aka haifa jiya.

Ta rubuta sunanta a kan guntun kwano muka soke a gindi: Stachys lanata. Ta sa ni na yi ta maimaitawa har bakina ya faɗa, sitakis lanata, ta ce kalmar ta biyu tana nufin mai gashin tunkiya. A garinsu kuma wai kunnen wata dabbar daji suke ce mata, dabbar da ba mu da ita nan, ta kwatanta mana ita har ta gaji. Mu dai a gidan kunnen rago muka sa mata, ya bi ta. Jikana da ya yi lakwal, wato makarantar noma, ya ce mini yanzu littattafai Stachys byzantina suke rubutawa. Na ce to madalla, shukar dai ba a yi shawara da ita ba.

Dashenta ne ya rushe mini duk karatun Yekuwa. Madam ta ce abu biyu ne ba ta so, ruwa ya kwana a gindinta, ko ruwa ya taɓa ganyenta, don gashin nan riƙe shi yake yi har ta ruɓe. Saboda haka maimakon fangali sai na ɗaga kunya mai tudu irin ta dankali, na cakuɗa ƙasar da rairayi da dakakken tsingaro. Na zaɓi gindin gawon da ke bayan kicin, ta gabas, saboda gawo da rani yake riƙe ganyensa, ya tare mata zafin bazara. Arozuwar ba ta zuwa wurin. Da ludayi nake ba ta, da sassafe, a gefen gindi, ba kuma kullum ba, sai yatsa ya ce. Wallahi da farko hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Amma ta karɓa, ta yi gindi gindi ta rufe kunyar, in rana ta fito sai ka ce an shimfiɗa farin bargo. Baƙin da ke zuwa daga Damagaram sai an zagaya da su sun gani, Madam kuwa da yamma nan take kai kujerarta ta zauna shiru.

Bazara ta kusa ƙarewa abin ya ɓaci. Ganyen ƙasa ya fara rawaya, ya koma baƙi, ka ɗaga shi ka ji wari. Gindi ɗaya ya tafi, na kusa da shi ya bi. Na tona ina neman gara ban gani ba, na nemi gwazarma babu, na ɗaure akuyar mai doki, mai kula da dokin kumandan, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Na daina ba da ruwa sam, amma duk safiya in na tsoma yatsa ƙasar a jiƙe take. Madam ta riƙa ce mini, “Mamman, ruwa da yawa.” Ni kuma ina rantsuwa. Ta ga ƙasa jiƙe, ta ga ni ne mai ban ruwa, wa zai ga laifinta?

Kumandan shi fure bai dame shi ba, abin da ya dame shi ya zauna cin abinci da matar da ba ta magana. Ya kira ni buro, wato ofishinsa, da tafinta. Bai ɗaga murya ba, yana ma rubutu. Tafinta ya ce, “Wai in shukar ta mutu duka ka koma garinku. Ya ce dama Yekuwa ba su cika adadin mutanen hanya ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, na ji.” Na fito na koma garka.

Ni azahar a bakin rijiya nake yin ta tare da ƴan kaso, lokacin Madam na barcin rana. Wata rana igiyar guga ta tsinke, na dawo gida ɗaukar wata. Ina zagayo kicin sai ga Baba Habu tsugune a kan kunyata, buta a hannu, yana wanke damtse ruwa na zuba a kan farin ganye. Bayansa mai doki na tsaye yana jiran layi, gardi na naɗe hannun riga.

“A'a, Mamman,” in ji Baba Habu, “ka kama mu. Muna taya ka ne a ɓoye.”

Na ce, “Taya ni, Baba?”

“Mun ga kana auna mata ruwa da ludayi kamar mai rabon man shanu. Mun san ba halinka ba ne, dokar Madam ce. Shukar nan baiwar Allah ta baro ƙasarta, dubi yadda ta yi fari fat don ƙishi. Shi ne muka ce alwalarmu dai ba ta kumandan ba ce.”

Mai doki ya ƙara da cewa shi har da asuba ba ya fashi.

Ku kun san al'adar, ko da yake yanzu a kan siminti kuke alwala. Mutumin kirki ba ya zubar da ruwan alwala a banza in akwai shuka kusa, sai ya tsuguna a gindinta, shi ya yi tsarki ita ta sha, a rubuta masa lada. Itatuwa nawa ne a Magarya buta ta rene su? Mahaifina haka ya yi, nasu ma haka. Ga maza majiya ƙarfi, salla biyar, kowa na kurkure baki yana watsa wa kunnen rago. Na tsaya da tsinkakkiyar igiya a hannu na ce musu Allah ya ba da lada.

Yanzu ku gaya mini, da wane baki yaro zai dubi sa'an ubansa ya ce ruwan alwalarka ne ke kashe shuka? In maganar ta fita kasuwa, cewa za a yi Mamman ya zauna da Nasara har ya fara ƙyamar alwala. In kuma na gaya wa Madam, kumandan zai hana salla a gidan ko ya kori tsoho, garin duka kuma ya san wanda ya kai tsegumin. In na yi shiru, kwandon tsakuwa na jirana. Ran Juma'a na ari jaki na tafi Yekuwa.

Na iske Kawu Tanko yana ɗinkin wasaki. Na kwashe labari na gaya masa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya huta sai ya ce, “Kada ka hana su ladarsu. Nemo musu wanda ya fi ta ƙishirwa.” Ya tashi ya tono wani ɗan lemun tsami, ƙanjamamme, ya ce kada in rufe shi a hanya, in bar rana ta dake shi.

Dashen lemon nan na yi shi da dabara fiye da duk dashen da na taɓa yi. Na sa shi ta ɗaya gefen gawon, dab da inda suke shimfiɗa buzu. Na yi masa kwari mai zurfi irin na gida, na mirgino faffaɗan dutse mai daɗin tsuguno na ajiye a bakinsa. Da azahar na tsaya na marairaice na ce, “Ga maraya na kawo. Ruwan ƴan kaso na Madam ne, ba ni da abin ba shi.” Ganyensa duk ya langaɓe, ko kai ne sai ka tausaya. Mai doki ya fara hawa dutsen, gardi ya bi, tafinta ma in ya zo nan yake yi. Kafin mako lemo ya miƙe.

Baba Habu kaɗai ya ƙi. Ya ce, “Kowa ya ga sabo ya gudu. Ni ba na yar da wadda na saba da ita.” Da ya ga sauran sun bar ta, sai ya ƙara cika butarsa don ya rama mata. Ina ji ina gani gindi ya yi ta tafiya har saura ɗaya tal, can ƙarshen kunya inda hannunsa ba ya kaiwa sosai. Ga gawo ya fara zubar da ganye, kun san shi da damina tsirara yake zama, gabas kuma ta fara haɗa baƙi.

Dole ta sa na shiga kicin. Na tono gindin da ya mutu na ɗora a tsingaro, na same shi yana tsintar albasa. Na tsuguna na ce, “Baba, kai ka san kayan ajiya. Duba mini wannan, me ya ci ta?”

Ya ɗauka ya latsa, ya kai hanci. “Wannan ai ba ƙwaro ba ne. Ruwa ne ya kwana a cikinta, irin albasar da aka tara da danshi. Wane ne yake…”

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya faɗa kan butarsa da ke bakin ƙofa. Ya daɗe yana juya ruɓaɓɓen ganyen.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar da igiya ta tsinke.”

“Lemon nan kuma don haka ka kawo shi.”

Na ce i. Ya tambaye ni abin da kumandan ya ce a buro, don ya ga shigata, na gaya masa.

“Wato ina tura ka aikin hanya da butata, kai kuma kana ce mini Allah ya ba da lada.” Ya ajiye tsingaron. “Kunyarka ta yi yawa, Mamman. Tashi ka ba ni wuri.”

Kwanaki ba ya yi mini magana. Ƙanzo dai bai yanke ba, sai dai ta hannun mai doki yake zuwa. Na ji zafin abin, don ina son tsohon nan.

Saura ruwan sama, wanda ba a yi masa dabarar lemo. Na yanke shawarar yi mata ƴar jinka irin ta rumbu, a kan sanduna huɗu, iska na shiga ta ƙasa. Na kafa sandunan, ran kasuwa na tura burweti na tafi sayo shuci. A ranar aka yi baƙi daga Damagaram, Baba Habu ya ɗora zabi. Ina tsakiyar kasuwa iska ta juya, kafin in ɗaure shucin sama ta ɓalle. Ba yayyafi ba, ruwa irin wanda ke sa awaki kuka. Na bar burweti wurin mai goro na zura da gudu, ina gudu ina jin nauyin kwando a kaina.

Na zagayo kicin na ci birki. Baba Habu na tsaye a kan kunya, ya kifa babbar malafarsa a kan sandunan ya danne da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tare guntun zana ta inda iska ke kaɗo ruwa. Sanƙonsa a waje, ruwa na sauka ta gemu, riga ta manne masa. Ta tagar kicin kuwa baƙin hayaƙi ne ke fita, zabin kumandan sun zama gawayi. Na kama masa zanar. Na leƙa ƙarƙashin malafa, ganye fari ƙal, a bushe.

Muna nan sai ga Madam ta fito da lema, takalminta na nutsewa a taɓo. Ta dubi malafa, ta dubi tsoho, sai ta ɗaga lemar ta riƙe a kansa. Daga baranda kumandan na ƙwala wa kuku kira. Madam ta juya ta mayar wa kumandan da magana ɗaya da Faransanci, muka ji ɗif. Mun yi ta roƙon tafinta ya fassara mana maganar nan, har ya bar duniya bai yarda ba. Baƙi dai ƙwai da salati suka ci.

Da ruwa ya tsagaita na ce, “Baba, na gode.”

Yana rawar sanyi ya ce, “Kada ka gode mini. Da na ba ta, don Allah na ba ta. Yau na hana ta, don Allah na hana. Je ka ɗauko shucinka, ba ni da wata malafar.”

Daminar nan ba ta yi wa kowa daɗi ba. Gero ya tsaya cikin ruwa a kwari ya yi ja, katangu suka zube a gari, shu ya ruɓe mini tas, karoti ko ɗaya ban cire ba. Kullum ina yashe magudana a gefen kunya, ina tsince ganyen da ya taɓa ƙasa, in rana ta fito in ɗage jinka ta sha iska, in hadari ya taso in mayar. In na yi nisa kuwa ba na damuwa, akwai mai gadi a kicin, kuma duk gidan ba wanda ya isa ya bi ta wurin da ko kofin shayi.

Da kaka ta yi aka sake ɗiban mutanen hanya. Ranar da suka wuce ta ƙofar gidan kumandan, da ƴan Yekuwa a cikinsu, ina tsugune da wuƙa ina raba gindin nan, don ya yi ƴaƴa ta ko'ina. Na ɗaga musu hannu, na san da yawansu, kuma ban ji daɗin ganinsu ba. Madam ta tsaya a kaina har na gama. Yankin farko da na cire ta ce in kai wa kuku.

Baba Habu ya kai shi gidansa ya dasa a fasasshiyar tukunya, ya ɗora kan duwatsu a ƙarƙashin rumfa. Na zauna a garkar nan har Faransawa suka tafi, daga baya na yi wa ƴan kasuwa da ma'aikata aiki, kuma duk shekarun nan ina zuwa gaishe shi. Gidan malamai ne, baƙi ba sa yankewa. Duk wanda lokacin salla ya riske shi a can, ya ɗauki buta ya nufi tukunyar nan don neman lada, sai tsoho ya ɗaga sanda daga kan tabarmarsa ya nuna masa gindin zogale.

“Can, malam, can nesa,” yake cewa. “Wannan baƙuwar ba ta sha.”